Zan iya hawa Ifran da motar haya in dusar ƙanƙara tana sauka?

Ɗan Katsina: Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Maroko. Shawara nake nema. Hajiyarmu ta zo Rabat ganin jikarta da aka haifa, ƙarshen Janairu za ta koma gida. Tun da ta sauka ba ta da magana sai a kai ta ta ga dusar ƙanƙara da idonta, ta taɓa da hannunta. Na yi niyyar ɗaukar motar haya ranar Asabar mu tafi Ifran, garin da ke kan tsaunukan Atlas, mu kwana biyu, mu leƙa Mishlifen, wurin wasan dusa da ke kusa da garin. Ni ne da Hajiya da maiɗakina da yara biyu, ƙaramar ba ta rufe wata huɗu ba. Tuƙi kam na daɗe ina yi, hanyar Katsina zuwa Abuja ba baƙuwata ba ce, sai dai ban taɓa ɗora taya a kan ƙanƙara ba. Waɗanda suka san hanyar, ya kuka gani?

Bamaradi: Wa alaikumus salam. Barka da zuwan Hajiya, Allah shi raya jinjira. Ni shawarata guda ce: ka bar wanga zance na mota. Ku shiga jirgin ƙasa daga Rabat zuwa Meknes, tunda jirgi bai kai Ifran ba. Can ku ɗauki babbar tasi. Mutum shida take ɗauka, in ka biya kujerun duka ta zama taku, ba mai matse Hajiya. Kilomita sittin ne ko kusa da haka, ta El Hajeb. Direbobin wanga layi kullum suna hawa suna sauka, sun san kowace kwana da sunanta.

Injiniya: Bamaradi, sanin kwanar ne ma yake sa su gudu. Na shiga tasin layin nan ana zuba dusa, direba hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a waya, yana wuce manyan motoci. Kuma a ina za a ɗaura kujerar jinjira a cikin tasi? Ɗan Katsina, hanyar ba dutsen mutuwa ba ce. Daga Rabat babbar hanya ce mai kuɗin shiga har Meknes, lafiya lau. Hawan yana farawa ne daga El Hajeb, kuma kwalta ce mai kyau, ana share ta. Abin da zai cece ka ba gwaninta ba ce, zaɓen rana da sa'a ne.

Bamaradi: To ai shi ke nan, Asabar ya ce. Ka faɗa mishi abin da Asabar take a Ifran in dusa ta sauka.

Injiniya: Wannan kam gaskiyarka. Ɗan Katsina, cire Asabar da Lahadi daga lissafi. Da an nuna a talabijin cewa Ifran ta yi fari, mutanen Fas da Meknes da Rabat da Kasablanka gaba ɗaya sai su ɗunguma can. Garin ƙarami ne, Faransawa suka gina shi a 1929 don su riƙa gudun zafi, ba a yi titunansa don dubban motoci ba. Ga shi ƙarshen Janairu lokacin hutun makarantu ne. Za ka iya shafe awa biyu a layi tsakanin Ifran da Mishlifen, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba. Kuma yawancin waɗanda ke gabanka da bayanka irinka ne, 'yan bakin teku da ba su san ƙanƙara ba. Ka je Talata ko Laraba, kwana ɗaya ko biyu bayan dusar ta gama sauka. Lokacin an share hanya, rana ta fito, dajin kuma yana nan fari fat.

Gwaggon Fas: Ku duk kuna ta maganar taya, ba wanda ya tambayi jaririya. Ɗana, yarinyar da ba ta kai wata huɗu ba me za ta je yi a can? Garin nan ya haura mita 1,600 a sama. A nan ne aka taɓa auna sanyin da ya fi kowanne a tarihin Afirka, digiri 23.9 ƙasa da sifili, a watan Fabrairun 1935. Ban ce za ku tarar da irinsa ba, amma da dare sauka ƙasa da sifili abu ne na kullum a Janairu. Jariri ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, kuma ba zai ce maka yana jin sanyi ba, sai dai ka ga ya yi laushi ya ƙi nono. Ka bar uwa da 'ya a gida, ka ɗauki Hajiya da babban yaron.

Ɗan Jos: Kai, ku mutanen nan kuna da tsoron sanyi. Mu da muka tashi a Jos, ƙanƙara tana faɗo mana daga sama tana fasa gilashin mota, wane sanyi za a nuna mana?

Auta: Yaya Ɗan Jos, wannan da kake faɗa ƙanƙarar damina ce, ta faɗo ta narke kafin a gama ihu. Ka zo ka tsaya a Mishlifen da silifas minti goma, sai mu ji labarin Jos.

Ɗan Jos: Ai Mambila ma tsayinta ɗaya da Ifran ɗin taku.

Injiniya: Kusan haka ne, tudun Mambila yana wajen mita 1,600. Bambancin shi ne Mambila tana kusa da tsakiyar duniya, rana a kanta take duk shekara. Ifran tana can arewa, iskar hunturu mai ɗauke da ruwa tana tasowa daga Tekun Atlantika ta bugi tsaunukan Atlas, ta sauke kayanta a can. Mu koma kan tambaya.

Ɗan Katsina, in ka yanke za ka tuƙa, ga abin da zan gaya wa ƙanina. Motocin haya a nan yawanci ƙananan Dacia ne ko makamantansu, tayoyin gaba ne ke jan su, kuma tayoyin zafi ne a jikinsu. Robar irin wannan taya tana taurare in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, sai ta daina kama kwalta yadda ka saba. Saboda haka kafin ka sa hannu a takarda, durƙusa ka duba zanen tayoyin. In sun suɗe, a canza maka mota. Ka tambaye su sarƙar taya, in ba su da ita ka saya a shagon kayan mota, ka kai lambar da ke jikin tayar don a ba ka daidai ita. A tayoyin gaba ake ɗaurawa, tunda su ke ja. Kuma don Allah ka gwada ɗaura ta a ƙofar gidanka a Rabat, da rana, hannunka da ɗumi. Wanda ya fara koyon sarƙa a gefen hanya, yatsu sun ƙage, motoci na masa hon, shi ya san abin da ya gani.

In ka ɗaura, kada ka wuce kilomita 40 a awa, hamsin ita ce iyaka. Da ka fito kan kwalta tsurarta ka tsaya ka cire, in ba haka ba ta ci taya ta tsinke ta daki jikin mota, kuɗin ajiyarka ya tafi.

Tsohon Direba: Salamu alaikum. Ni ban san Maroko sosai ba, jinya ta kawo ni, amma na yi shekaru ina jan mota tsakanin Zinder da Agadas har gaba. Mu in mun shiga rairayi, iskar taya muke ragewa, tayar ta baje, mota ta haye. Ita ma dusar nan ai laushi gare ta. Yaro, ka sassauta iska kaɗan, ka riƙa taka birki kana saki kana taka kana saki. Haka muka koya.

Injiniya: Baba, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. A rairayi maganarka dutse ce, ba mai ja da kai. Amma a nan abin ya sha bamban. A cikin yashi so kake mota ta yi iyo a sama kada ta nutse. A kan titi mai dusa so kake tayar ta huda ta kama abin da ke ƙasa. In ka rage iska, sitiyari zai yi maka nauyin amsawa, ga shi sanyin da kansa yana rage iskar taya tun kafin ka taɓa ta. A bar ta yadda aka rubuta a jikin ƙofa.

Maganar birki kuwa, a motocin da ka ja haka ne. Na yanzu suna da na'urar ABS, ita ke yin wannan taka-saki ɗin da kanta, da saurin da ƙafar mutum ba za ta iya ba. In abu ya taso, ka danne birki ka riƙe, za ka ji yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka yana ƙara, kada ka tsorata ka ɗaga. Aikinsa yake yi.

Tsohon Direba: To, zamani. Amma giya fa? Ko ita ma na'ura ta karɓe?

Injiniya: A'a Baba, nan kam kai ne malami. Faɗa masa.

Tsohon Direba: Gangara ba a saukar ta da birki, da giya ake saukar ta. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka, ta biyu ko ta uku. Kada ka kuskura ka taka kuloci ka bar mota ta tafi da kanta. Kafin kwana ake rage gudu, ba a cikinta ba. In ka shiga kwana ƙafarka ta bar birki. Kuma a hawa kada ka tsaya a tsakiya in ba dole ba, ka bar na gabanka ya yi nisa ya gama hawansa, sannan ka bi a hankali ba tare da ka yanke ba. Wannan ko a laka ko a yashi ko a me, haka yake.

Injiniya: Shi ke nan. Sai in ƙara da cewa in za ka tashi daga tsaye a wuri mai santsi, tashi da giya ta biyu, totur kaɗan-kaɗan. Tazara kuma ka ninka ta, domin a kan ƙanƙara nisan tsayawa yana iya kai ninki goma na busasshiyar kwalta.

Kuma abin da ya fi ba ni tsoro ba farar dusar ba ce, ita kana ganinta. Wadda ta narke da rana, ruwan ya kwanta a titi, dare ya yi ya daskare, ita ce matsala. Siririya ce, kwaltar kake gani ta cikinta, sai ka ɗauka jiƙewa ce kawai. Tana zama a kan gadoji da kwanonin da inuwar itatuwa ta rufe. A Janairu rana ba ta fitowa a nan sai bayan ƙarfe takwas, saboda haka wanda ya yi sammako irin na gida, wai ya bi sanyin safiya, shi ne zai fara cin karo da ita. Ka isa El Hajeb wajen sha ɗaya, ka kuma tabbata duk yawon da za ku yi kun koma masauki kafin magariba.

Bamaradi: Duka wanga karatu don tafiyar kwana biyu? Sarƙa, ABS, giya, gada, inuwa. Mutum ya tafi hutu ko jarrabawa? Ni har yanzu ina kan bakana. Kuma ba ku gaya mishi zancen shinge ba. In dusa ta yi yawa jandarmomi suna sauke shinge su rufe hanya, sai motocin share dusa sun wuce, wani lokaci a tara motoci a bi bayansu a jere. Mun taɓa zama gaban shinge tun la'asar har bayan isha'i. A ce da jinjira cikin motar?

Injiniya: Shingen ai bai san tasi ko motar haya ba, kowa yake tsayarwa. A motarka aƙalla kana da bargo da fulas da hita a hannunka. Sai dai a kula: tanki ya kasance cike tun daga Meknes, kuma in an tsaya ana kunna inji don ɗumi, a fita a duba kada dusa ta toshe bakin salansa, a ɗan sassauta gilashi. Lambar jandarma 177 ce, ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana 15. Inda aka fi rufewa ma ba hanyar El Hajeb ba ce, ta gaba da Azru ce, wadda ta bi Timahdit ta haye mashigin Zad zuwa Midelt. Can ya wuce mita 2,100. Ba abin da zai kai ka can.

Gwaggon Fas: Tunda an zo maganar hayaƙi, bari in faɗi wani abin da ke kashe mutane a ƙasar nan lokacin sanyi. Ɗana, da kun shiga Ifran za ku ga samari a bakin titi suna kaɗa makullai, gidajen haya suke tallatawa. Wasu gidajen lafiya lau. Wasu kuwa na'urar dafa ruwan wanka mai aiki da gas a cikin banɗaki take ko a kicin marar taga, ga hita ta tukunyar gas a falo. A rufe ƙofofi da tagogi saboda sanyi, a kwanta. Iskar da ke fita ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri da amai kawai za a ji, wani ma barci ne zai ɗauke shi. Duk shekara sai an ji labarin iyalin da aka tarar. Ka kama otal ko gidan da ke da hitar lantarki ko murhun itace mai bututu zuwa waje. Kuma ka sa ido a kan Hajiya, na san iyayenmu, za ta ce a samo mata gawayi a kasko a shigar ɗaki. Kada ka yarda ko za ta yi fushi.

Ɗan Katsina: Gwaggo kamar kin san ta. Jiya ma sai da ta tambaya ko ana sayar da kasko a Rabat.

Malam Ƙarami: Akwai abin da ban ji an taɓo ba, sallah. Ruwan famfo a can yana yanka hannu. Ku yi alwala da ruwan ɗumi a masauki kafin ku fita, Hajiya ta sa huffi na fata a kan alwalar, daga nan shafa kawai za ta riƙa yi. Ana samunsa a kasuwannin tsohon gari. Kuma ku matafiya ne, Rabat zuwa Ifran kusan kilomita 200 ne, kuna da ƙasaru.

Ɗan Jos: Malam, safa mai kauri fa? Mu muna shafa a kanta.

Malam Ƙarami: Akwai malaman da suka halatta, musamman Hanbalawa. A Malikiyya sai ta fata, ko safar da aka lulluɓe da fata. Hajiya 'yar Katsina ce, na san wanda za ta karɓa, shi ya sa na faɗi huffi. Abin da zai ba ku mamaki ma, malaman Malikiyya sun ambaci ƙanƙara a cikin abubuwan da ake taimama a kansu. Muna karanta wurin a zaure a gida muna dariya, muna cewa ina za mu gan ta.

Auta: Kun tsorata bawan Allah, ba wanda ya gaya masa daɗin wurin! Yaya Ɗan Katsina, ka je wallahi. A tsakiyar gari akwai zakin dutse da kowa ke hoto da shi, layi ake yi. Gidajen masu jan rufi mai tsini, in dusa ta kwanta a kansu ba za ka ce Afirka kake ba. Mishlifen ramin tsohon dutse mai aman wuta ne, itatuwa sun kewaye shi, yara na zamiya daga gefe zuwa tsakiya. Ba sai ka iya wasan ƙanƙara na Turawa ba, akwai masu ba da hayar abin zamiya na katako, ka zauna a tura ka. Ka yi ciniki sosai, kuma ka duba ƙusoshi kafin ka ɗora yaro. Akwai masu hayar takalman roba ma a wurin. Jabal Hebri yana kusa, in Mishlifen ta cika ku wuce can.

Amma ni abin da na fi so shi ne dajin al'ul na hanyar Azru. Itatuwa ne dogaye masu ɗaruruwan shekaru, ka shiga ƙarƙashinsu dusa na zubowa daga rassa. Ga birai marasa wutsiya masu gashi mai kauri, suna zaune a kan dusa ko a jikinsu. Shahararren itacen nan da ake kira Guro ya bushe tuntuni, gangar jikin ce kawai a tsaye, amma wurin ne biran suka fi taruwa. Bayan nan ku sauka Azru ku sha bisara, miyar wake mai zafi da man zaitun, ko ku ci kifin ruwan sanyi da ake kiwo a yankin. In Talata ce ma ranar kasuwarsu ce, Hajiya za ta ga dardumomin Barbar.

Gwaggon Fas: Auta, ki ƙara da cewa kada a ba biran nan abinci. Masu sayar da gyaɗa za su matsa muku. Biran sun saba, har jaka suke fizga, kuma suna cizo. Yaro ya riƙe biskit a hannu shi ne abin harinsu.

Auta: Haka ne Gwaggo. Kuma a sa wa Hajiya tabarau, hasken rana a kan dusa yana kashe ido.

Bamaradi: Kafin a yi ta murna, a tabbata dusar tana nan. Shekarun nan na fari an yi hunturun da Mishlifen ta zauna ƙasa tsura sai ɗan fari-fari a gindin itace. Tafkin Dayat Awwa da ake kai baƙi ma ƙafewa ya yi. Ka tambayi ɗalibban Jami'ar Al Akhawayn da ke cikin wanga zaure su turo maka hoto kwana guda kafin ku tashi.

Ɗan Jos: In babu a Ifran sai ya tafi Ukaimeden ta wajen Marrakesh, can ya fi tsayi, mita 2,600.

Injiniya: Kada ka soma. Waccan hanyar siririya ce, kwana a kan kwana, rami a gefe. Ga tsayin ma zai iya sa dattijuwa haki. Ba wurin koyo ba ne.

Ɗan Katsina: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da na tsayar: Talata, motar haya, sarƙa a but, otal mai hitar lantarki. Ni da Hajiya da babban yaron. Maman yara da jaririya za su zauna a Rabat kamar yadda Gwaggo ta ce.

Maman Yara: Assalamu alaikum. Ina cikin zauren nan tun bara, kuma duk na karanta. Gwaggo, na ji maganarki kuma na gode, amma ni ma tun da na zo ƙasar nan ban taɓa ganin dusar ba sai a waya. Wa ya ce zan zauna?

Auta: Yaya, ka shiga uku.

Gwaggon Fas: 'Yata, to ga sulhu. Ku biyo ta Fas ku kwana a wurina, mu ma sanyi muke amma ba irin na sama ba. Daga nan zuwa Ifran ta Imuzzar awa ɗaya da 'yan mintuna ne. Ki tatsa ki bar min ita da safe, ku hau, ku yi wasanku, ku sauko kafin magariba. Kun huta da kuɗin otal ma.

Bamaradi: Kuma tashar manyan tasin Ifran tana nan Fas, in ya ga farin hanya gabansa ya faɗi.

Injiniya: Hanyar Imuzzar ta fi ta El Hajeb kwana da inuwa. Ɗan Katsina, kada ku bar gidan Gwaggo kafin ƙarfe goma. Turo min lambar da ke jikin tayar in ka karɓi motar, akwai sarƙa a wurina, in ta yi daidai sai ka biyo ka ɗauka.